Bawul ɗin da ya ɓatar min da bolt 50

Tun ajin farko aka cusa mana cewa dayod, wato na'urar da ke barin karant ya bi hanya ɗaya kawai, bolt 0.7 yake ci, ka cire shi daga lissafi ka wuce abinka. Da wannan tunanin na shiga firaktikal ranar da malaminmu ya ajiye mana wata tsohuwar amfilifaya mai bawul, irin kwalbar nan da cikinta ke yin ja in ta ɗau zafi, ya ce mu auna ɓangaren da ke mayar da AC (karant mai kai-komo) zuwa DC (mai bin hanya ɗaya). Bawul ɗin da ke aikin dayod a wurin samfurin 5Y3 ne. Na yi lissafina tsaf, na ɗora mita, sai ga wajen bolt 50 sun yi ɓatan dabo. Wallahi na zaci mitar ce ta samu matsala har na je na aro wata, ita ma abin da ta nuna ke nan.

Malam ya leƙo ya ce, "Ɗana, wannan fa ba silikon ba ne, je ka duba giraf ɗinsa."

A nan kaina ya waye, ashe bolt 0.7 ɗin na dayod ɗin silikon ne. Cikin kwalbar babu iska, siririyar waya ce ake gasawa da bolt 5 har ta riƙa sakin ilektron suna tsallakawa zuwa wani farantin ƙarfe da ke ciki, in wayar ba ta yi zafi ba ko ɗigon karant ba za ka gani ba. To ilektron ɗin suna yin cincirindo kusa da wayar suna tare wa na baya hanya, shi ya sa karant ba ya tashi farat ɗaya, yana bin dokar da masanin kimiyya Child ya fitar a 1911 wani masanin, Langmuir, ya faɗaɗa a 1913, wato in ka ninka bolt sau 4 karant zai ninku sau 8. Ke nan abin da bawul ke ci ba tsayayye ba ne, nauyin da ka ɗora masa ne ke yanke shi, dole sai ka ja layin lodi, wato layin wannan nauyin, a kan giraf ka ga inda ya haɗu da layin bawul ɗin. Masanin kimiyya Fleming ne ya fara ƙera bawul tun 1904 a Ingila, amma har yau yana burge ni.

Wani abokina ya ce mu cire shi mu sa dayod ɗin silikon 1N4007 guda biyu mu huta, malam ya hana, ya nuna mana cewa bolt ɗin da bawul ke cinyewa duk kan kafasita, masu ajiye caji, za su sauka, su kuma tsofaffi ne, ba lallai su ɗauka ba. Ranar sai bayan la'asar muka bar lab, ina ta sake zana giraf ɗin da fensir.