Ruwan Da Na Yi Ta Gudu A Amurka

Mahaifina ya yi shekara talatin da wani abu yana sayar da atamfa a Kantin Kwari, bai taɓa karɓar ko sisin banki ba. Daren da zan bar Kano ya kira ni ɗakinsa, bai tsawaita ba. Ya ce in riƙe salla, kada kuma in kuskura kuɗin ruwa ya shiga cikina ko ya fita daga aljihuna. Na ce to, Baba. A raina ina ganin wannan ai mai sauƙi ce.

Na sauka New York a watan Disambar 2021, cikin sanyin da ya sa na raina hunturun Kano har abada. Yayana ya ɗauke ni zuwa Bronx, inda Hausawan Gana da na Nijar da namu na Najeriya suke cakuɗe, har wani lokacin idan ka fito masallaci bayan Juma'a sai ka rantse a Sabon Zango kake. Ko mako biyu ban yi ba Yaya ya zaunar da ni ya fara karanta min karatun kiredit. Wai kowa a ƙasar nan yana da maki, daga 300 zuwa 850, kuma da cin bashi da biyansa a kan lokaci ake tara shi. Mai gidan haya zai duba, mai sayar da mota zai duba, wani lokacin har kamfanin waya. A gida wanda bai taɓa cin bashi ba shi ne mutumin kirki. A nan shi ne wanda ba a san asalinsa ba.

Na ce, "Yaya, to maganar Baba fa?"

Ya ce akwai hanya. Katin bashi, idan ka yi sayayya da shi, ba a ɗora maka ruwa muddin ka biya duka kafin ranar da aka yanka maka, kuma doka ta tilasta su ba ka aƙalla kwana 21 daga fitowar takardar lissafi. Malamai sun saɓa a kan halaccin riƙe katin ma kansa, wannan na sani, amma na bi masu sassauci. Shekara guda da rabi ina sayen shinkafa da katin jirgin ƙasa da shi, ina biya tun kafin a tambaye ni. Ko kwabo na ruwa bai taɓa hawa kaina ba, har ina jin kaina wani gwani.

A bazarar 2023 wata takarda ta faɗo akwatin wasiƙunmu. Wani banki ne ke cewa duk wanda ya buɗe asusun hada-hadar yau da kullum, irin wanda muke kira karant a gida, ya kuma sa albashinsa ya riƙa shiga kai tsaye, za a ba shi kyautar dala 300. Bankina na farko kuwa ya ishe ni, don duk watan da kuɗina ya yi ƙasa da abin da suka gindaya sai su yanke dala 12. Na zauna da daddare bayan na taso daga siton da nake aiki, na buɗe asusun ta waya. Da na zo wajen zuba kuɗin farko sai na ga zaɓi uku, ciki har da katin bashi. Albashi saura kwana shida. Na ce ai shi ke nan, in zuba dala 500 da kati, ƙarshen wata in biya kamar yadda na saba. Akwai wani dogon rubutu da ƙananan haruffa a ƙasa. Na danna na yarda, na kwanta.

Abin da ban gane ba shi ne kuɗi a ƙasar nan sunansa yana canzawa gwargwadon ƙofar da ya bi. Idan kati ya sayi takalmi, sayayya ce. Idan ya zuba kuɗi a asusu, kamfanin katin yana iya ɗaukarsa tamkar ka je na'urar ATM ka ciri tsaba rance. Shi kuwa rancen tsaba ba shi da kwanakin alfarma. Ana cire ladan kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari nan take, ruwa kuma ya fara gudu daga ranar, a kan farashin da ya fi na sayayya tsada. Wasu bankunan suna shigar da irin wannan zubin a matsayin sayayya, shi ya sa za ka ji wani ya yi bai biya komai ba. Nawa bai shiga haka ba. Bayan kwana uku na leƙa manhajar katin na ga dala 25 a zaune, da wani layi da ke nuna ruwa na kusan kashi 30 a shekara.

Na ce to in maido da kuɗin maza in toshe ramin. Nan na tarar an kulle sabon asusun. Dalili kuwa suna. A fasfo ni Muhammad ne, a katin aikina wani ya rubuta Mohammed, sunan mahaifina kuma a wata takardar ya koma tsakiya, a wata ya koma ƙarshe. Kwamfutarsu ta ga mutum biyu. Kuɗina na kulle a wannan banki, ruwa na hawa a wancan.

Kwana tara na yi ina kiran waya a lokacin hutun cin abinci, ina tsaye bayan sito kusa da kwandon shara don nan ne kawai babu ƙarar injin ɗaukar kaya. Danna ɗaya, danna huɗu, sai kiɗa. Wata rana minti 47 na yi ina jin kiɗan nan, da mutum ya ɗauka ya ce ba sashensa ba ne, ya tura ni wani wurin, layin ya yanke. Masu kati su ce bankin ne ya aiko da cinikin da lambar rancen tsaba, su ba ruwansu. Banki ya ce shi bai san yadda masu kati ke lissafinsu ba. Kowannensu da ladabi, kowa sai ya ba ni haƙuri ya kira sunana a karkace, amma babu mai iya taɓa komai. Wannan ladabin ya fi ɓata min rai. A gida ko ma'aikacin banki ya yi maka tsawa, kana ganin fuskarsa, kuma ka san wanda ya san manajansa.

Akwai wani dattijo ɗan Kumasi a masallacinmu, ya daɗe yana tuƙa tasi a birnin, kowa Baba yake ce masa. Bayan sallar isha'i na ba shi labari ina huci. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, ka rubuta?"

Na ce na kira ya fi sau goma.

Ya ce, "Ban tambaye ka kira ba. Mutanen nan ba sa jin magana sai ta zama takarda."

Shi ya nuna min hukumar CFPB, wadda gwamnatin tarayya ta kafa bayan rikicin kuɗi na 2008 don karɓar koken masu mu'amala da bankuna. Ana shigar da ƙorafi ta intanet kyauta, hukumar ta tura wa kamfanin, galibi ya amsa cikin kwana 15. Jikarsa ce ta taya ni cikewa a wayarta, yarinya 'yar sakandare, tana gyara min Turanci tana dariya. Ta sa na jera ranakun da na kira, da lambar da aka ba ni a kowane kira, da hoton shafin da na zuba kuɗin. Baba kuma ya ce kada in jira, in ɗauki hutun rabin yini in je reshen bankin da ƙafata.

Na je da fasfo da katin zama da katin Soshal, mai ɗauke da lambar shaidar da gwamnati ta ba ni, da takardar hayar gida, duk a cikin leda. Matar da na samu ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta buga wani abu, ta buɗe asusun cikin minti ashirin. Abin da kwana tara na waya ya kasa. A ranar na biya katin tas. Mako biyu bayan haka wata mata ta kira ni daga ofishin da ke amsa koken hukuma a kamfanin katin, muryarta daban da ta masu kiɗa. Ta ce sun maido min da dala 25 a matsayin alfarma ta sau ɗaya, ba don sun yi kuskure ba. Ruwan kwanakin nan kuwa, dala biyar da 'yan kai, ya zauna. Kafin ta ajiye na roƙe ta ta rage iyakar rancen tsaba a katina zuwa mafi ƙanƙantar abin da za su iya, ta yi.

Dala biyar ba ta sayen abincin rana a Bronx. Amma na yi makonni ina kauce wa doguwar hira da mahaifina a waya, sai gaisuwa da tambayar kasuwa.

Kyautar dala 300 ta shigo bayan wata uku, na tura rabinta gida aka yi wa ƙanwata kuɗin makaranta. Sai a watan Janairu wata ambulan ta zo daga bankin, takardar haraji ce mai lamba 1099-INT. Na kai wa Yaya ya duba. Ya karanta, ya dube ni, ya kwashe da dariya har da riƙe ciki. A wajen hukumar haraji ta Amurka, kyautar buɗe asusu sunanta kuɗin ruwa, kuma sai na biya haraji a kanta.

Na kai wa limaminmu takardar ranar Juma'a. Ya juya ta gaba da baya, ya tambaye ni ko don na ajiye kuɗi aka ba ni ko don na buɗe asusun. Na ce duka biyun, Malam, ga kuma sharaɗin albashi. Ya ninke ta ya sa a aljihun jallabiyarsa, ya ce in ba shi mako guda.