Me kake so in gani?

A kasuwar Mile 12 da ke Legas nake aiki, ina riƙe wa baffana lissafin tumatir da tattasai da attarugun da ake sauke masa daga Arewa. Aikin na asuba ne. Kafin gari ya waye motoci sun jeru, 'yan dako suna sauke kwanduna, ni kuma ina tsaye da littafi da biro ina ƙirgawa. A tsakanin wannan mota da waccan na fara ɗaga waya ina ɗaukar hoto, tun ina yi don rage zaman jira har abin ya shiga raina.

Akwai wani hoto na farko-farkon nan da na yi zaton babu kamarsa. Ɗan dako ne da kwando a ka, gumi na tsiyaya, rana ta fara leƙowa. Na nuna a teburin mai shayi, kowa ya ce masha Allah, wani ma ya ce ai ni na wuce nan. Da wannan zugar na kai shi wajen wani dattijo mai shagon hoto a unguwarmu ta Agege, wanda ya shiga sana'ar tun zamanin fim da wankin hoto a ɗaki mai duhu. Baba muke ce masa.

Ya karɓi wayar, ya gyara tabarau, ya yi shiru har na fara tsarguwa. Can ya ce, "Ɗana, me kake so in gani a nan?"

Na shiga zuba. Na faɗi wahalar da bayin Allahn nan suke sha, da nauyin kwando, da yadda mai cin miya a Ikoyi bai san wuyan da ya ɗauko masa tumatirin ba. Ya bar ni na kai aya, sannan ya ce, "To duk wanda zai kalli hoton nan, bin sa za ka riƙa yi kana masa wannan bayanin? Ni dai danfo na gani."

Da gaskiyarsa. A bayan ɗan dakon, daga dama, ga wata danfo, motar hayar nan rawaya, tana sheƙi, kuma ido inda ya fi haske da launi yake fara sauka. Ga kuma falwaya da ta saitu da kansa kamar daga cikin kwandon ta tsiro. Na kalli hoton nan ya fi sau ɗari ban ga ko ɗaya ba, saboda ni abin da na ji a wurin nake gani, ba abin da kyamara ta kama ba.

Baba ya jawo aljihun tebur ya ciro wasu kwalaye biyu da ya yanka kamar gwiwar hannu. Ya ɗora su a kan gilashin wayar, yana matso da su a hankali. Danfo ta ɓace, rabin sama ya tafi, tarkacen ƙasa suka tafi. Abin da ya rage fuska ce, da hannu ɗaya da ya damƙe bakin kwando, jijiyoyi sun tashi raɗa-raɗa. Ya ce, "Ga hotonka nan, a cikin wancan yake a ɓoye. Gobe ka matsa taku uku. Kada ka jawo shi da yatsa, da ƙafa za ka je." Daga baya na gane dalili: a yawancin wayoyin da muke riƙewa, jawo hoto da yatsa yanka ne kawai ake yi a buɗa, shi ya sa yake fitowa dishi-dishi.

Iyakar abin da ya faɗa ke nan ranar. Sai bayan wata shida ya gaya mini cewa hoton a karkace yake, kuma fuskar ta yi duhu, amma ya bar su don in ya haɗa mini duka ba zan riƙe ko ɗaya ba.

Duk da wannan sassaucin, kwana goma ban koma shagon ba. Na ji zafi ƙwarai. Mu mutane ne masu kara, an rene mu a kan cewa ba a kushe abin mutum a gaban idonsa, kuma ina ganin wannan tarbiyya ce mai kyau, ba na so mu rasa ta. Masha Allah addu'a ce, tana kuma kare zumunci. Sai dai ba ta taɓa gaya mini cewa falwaya ta tsiro a kan mutum ba. Abokaina ƙaunata suka nuna, Baba kuma hotona ya kalla, ni ne na kasa bambance biyun a lokacin, na ɗauka wanda ya gyara mini bai ƙaunace ni ba. Alhali gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Da na koma, na koyi yin shiru. Yana da wuya. Da an ce ga matsala, baki yake ƙaiƙayin cewa ai wurin ne da cunkoso, ai sauri nake, ai wayar ce. Duk suna iya zama gaskiya, amma mai kallo ba ya nan lokacin da ake cunkoson. Na kuma koyi yin tambaya mai kai. In ka ce wa mutum "ya ka gani?" za ka samu "ya yi kyau." In ka ce "ina idonka ya fara sauka?" ko ɗan shekara goma zai ba ka amsar da za ta yi maka amfani.

Hotunan Sallah suka koya mini haske. Farar shadda da baƙar fata da tsakar rana, babu abin da ya fi su wahalar da kyamara. In ta bi shaddar, fuska ta yi duhu. In ta bi fuskar, shadda ta ƙone, aikin wuyan da aka biya tela kuɗi mai yawa ya ɓace. Baba ya nuna mini cewa inuwa ana iya ɗago ta kaɗan wajen gyara, amma wurin da ya riga ya zama fari fat babu manhajar da za ta dawo da zaren da ke cikinsa. Maganin tun wajen ɗauka ne: a ja mutum zuwa inuwa ko bakin ƙofa, ya fuskanci inda haske ke shigowa, ko a jira yamma. Yammar Legas kuwa ba ta jira, rana tana faɗuwa wajen shida da rabi zuwa bakwai duk shekara, kuma hasken nan mai laushi ɗan taƙi ne.

Da na gano manhajar gyaran hoto ta Snapseed sai na wuce gona da iri. Ina ƙara launi har tumatir ya koma ja wur kamar an tsoma shi a fenti. Baba bai yi mini dogon zance ba, ya ce, "Kai da kake kwana cikin tumatir, in aka kawo maka irin wannan za ka saya?" Ba zan saya ba. Tun ranar, in na gama gyara sai in ajiye wayar, in je in yi salla ko in ci abinci, in dawo da sabon ido. Kusan kullum sai na rage rabin abin da na ƙara. Haka ma batun haska fata, wanda wasu wayoyin suke yi da kansu ba tare da an sa su ba. Wannan na kashe shi gaba ɗaya, don ba na son in miƙa wa mutum fuskar da ba tasa ba.

Gyaran da ya fi zama mini a rai bai fito daga mai hoto ba. Na sake ɗaukar ɗan dakon nan yadda Baba ya ce, ya fito tsaf, na kai masa da murna. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, da wannan yagaggiyar rigar za a gan ni? In ya je hannun Inna fa? Ita ta san ina Legas ina sana'a." Jikina ya yi sanyi. Ban taɓa neman izininsa ba, kuma ban taɓa tunanin hoto yana da mai shi bayan wanda ya ɗauka ba. Ranar Juma'a bayan an sauko na ɗauke shi da kaftaninsa da hula, na wanke masa, ya aika gida. Na farkon yana nan a ajiye, ban sake nuna wa kowa ba.

Inda na fi yin kuskure shi ne ranar da aka zo neman gyara a wajena. Ɗan yayata ne, bai wuce shekara goma sha shida ba. Jirgin ƙasan Red Line ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024, yaran unguwa suna ta zuwa kallo, shi kuma ya je kusa da gadar Pen Cinema ya ɗauko. Ya same ni a teburin mai shayi cikin mutane ya ce, "Kawu, duba mini." Na karɓa na fara lissafi kamar ina ƙirga kwanduna. Ya karkace, sama ta yi yawa, jirgin ya tsaya a tsakiya alhali ƙa'ida ta ce a raba hoto gida uku a ajiye abu a kan layi. Ban tsaya nan ba, na buɗe wajen gyara a wayarsa, na yanke gefen hagu inda wata tsohuwa take zaune da tiren burodi, na adana a kan na asalin. Na miƙa masa ina cewa ga shi yanzu ya zama hoto.

Ya kalla ya ce a hankali, "Kawu, ai saboda Iya na ɗauka. Kowa yana kallon jirgi, ita ko ɗaga kai ba ta yi ba."

Yaron ya ga abin da ni ban gani ba, ni kuma na sa hannu na yanke shi. Tambayar da aka fara yi mini, wadda ta buɗe mini ido, ita ce na manta ban yi masa ba. Wata biyu bai sake nuna mini komai ba.

Na ba Baba labari. Bai yi faɗa ba, sai ya nuna mini aikin marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a nan Legas a 2014. Tun daga 1968 mutumin nan yake ɗaukar kitson matan Najeriya, har ya tara kusan dubu, baƙi da fari, da yawa daga ƙeya, bayansu fayau babu tarkace, kuma kan yana zaune daram a tsakiya. Baba ya ce, "Je ka gaya masa ya saɓa ƙa'idar gida uku." Layukan nan huɗu da ake kunnawa a kyamarar waya suna taimakon mai koyo ya daina cusa komai a tsakiya ba tunani, amfaninsu ke nan. Ni kuwa na mayar da su sandar dukan wani.

Yanzu in an kawo mini hoto, nakan ja mai shi gefe, ba a gaban jama'a ba. Nakan fara da tambayar Baba, in saurara har ya gama. Sannan in faɗi abin da ya yi daidai, takamaimai, kamar hasken da ya sauka a kafaɗa ko lokacin da ya danna, don kada gobe ya zubar da shi garin gyara. Sai in zaɓi abu ɗaya. Ba na taɓa wayar kowa. Na yanka kwalaye biyu nawa na kaina, suna cikin littafin lissafi, su nake ɗorawa, in na ɗauke hoton mutum yana nan yadda ya kawo shi.

Ɗan yayata kuwa, ni na je har gida na ba shi haƙuri a gaban mahaifiyarsa. Ta ce babba ba ya ba yaro haƙuri a kan hoto, na ce a kan wannan zai ba shi. Asabar ɗin da ta biyo muka fita tare da sassafe. Iya tana nan a wurinta. Ya gaishe ta da Yarbancin da ya fi ni iyawa, ya sayi burodi, ya nemi izini, ta yi dariya ta gyara ɗaurin ɗankwali. Muka tsaya jiran jirgi kusan rabin awa. Da ya taho, yaron ya durƙusa, ya matsa taku biyu, ya danna sau ɗaya. Ya miƙo mini wayar bai ce komai ba, ni kuma idona a kan hannun Iya ya fara sauka, tana ƙulle bakin leda, jirgi yana wucewa a bayanta.