Dalilin da ya sa ba a kashe SELinux a shagona

Mu huɗu ne a ɗan kamfanina, aikinmu kula da sabar kwamfuta ta 'yan kasuwa, wato kwamfutar da ke riƙe musu manhajoji da bayanai. Doka ɗaya na kafa wa yarana: duk sabar da muka karɓa, ba mai kashe mata SELinux, wato kariyar tsarin Linux da ke iyakance abin da kowane shiri zai iya taɓawa, ko da kwastoma yana tsaye a kanmu yana faɗa.

Kwanaki wani mai sayar da magani a sari ya kira ni da sassafe, manhajar lissafinsa ta tsaya cak. Da muka duba, faifan ya cika maƙil da fayilolin rajista, inda manhaja ke rubuta abin da ta yi. Akwai ƙaramin shiri mai suna logrotate da ke tashi cikin dare ya matse tsofaffin rajista, ya share waɗanda suka daɗe. Shi ne ya yi makonni bai taɓa su ba. Yarona ya kunna shi da hannu ya ga ya yi aiki sumul, sai ya ce, "Oga, ai lafiyarsa ƙalau."

A nan sirrin yake. Idan logrotate ya tashi da kansa, SELinux na tsare shi a wani shinge mai suna logrotate_t, kuma ko da ikon root, wato cikakken ikon mai kula da sabar, yake gudana, ba ya taɓa fayil sai mai lambar da doka ta yarje masa, irin var_log_t. Mu kuwa mun mayar da rajistar manhajar sabon kundi a /data, inda ta ɗauki lambar default_t, wadda ba a yarje masa ba. Laifinmu ne. Muka buɗe audit.log, ga layukan hani nan jere, dare bayan dare.

Yaron ya miƙa hannu zai buga setenforce 0, umarnin da ke dakatar da hanin SELinux, na riƙe shi. Wannan kariya da hukumar tsaro ta NSA ta Amurka ta fitar a 2000, ta shiga ƙwayar Linux a 2003, amfaninta ke nan: in ɓarawo ya kame shiri ɗaya, ya tsaya iya shingensa, ba zai kai ga bayanan cinikin mutane ba. Amanar da aka ba mu ke nan.

Da umarnin semanage fcontext muka ba kundin lambar var_log_t, muka bi da restorecon, mai ɗora lambar a kan fayilolin. Ban bari yaron ya yi amfani da audit2allow, shirin da ke mayar da layukan hani dokar izini, ba, domin da mun buɗe wa logrotate ƙofa ga duk fayil mai default_t. Washegari bayan asuba na shiga sabar daga waya, na tarar rajistar jiya an matse ta.