Laraba: Erikson a gindin dogon yaro

Zafin yau ya hana kowa sakat. Ban baro Dundaye ba sai bayan azahar, ɗan kabu-kabu kuma ya sauke ni Gawon Nama wai mai ya ƙare. Jibi muke da gwajin ilimin halayyar ɗan Adam a kan matakan rayuwar mutum takwas na masani Erik Erikson, wanda aka haifa a Jamus a 1902, ya jera su cikin littafinsa na 1950 bayan ya koma Amurka. Huɗun yarinta na haddace su tuni, sauran ke cakuɗe mini.

Na shimfiɗa tabarma gindin dogon yaro ina bita, sai ga ƙanena ya shigo da wani aski kamar tsefen zakara. Shekararsa 16. Bana kaɗai sau uku ya sauya suna a Facebook, da azumi ustazu ne, yanzu ɗan ƙwallo. Mataki na biyar ke nan, daga 12 zuwa 18: ko matashi ya gano ko shi wane ne, ko ya ruɗe. Na shida nawa ne, shaƙuwa ko kaɗaici, kuma gwaggonnina sun riga Erikson yi mini wannan lacca. Baba yana na bakwai, 40 zuwa 65, inda mutum ke renon na baya ko ya tsaya cik. Yaran shagonsa biyu ya sallama da jari, ya fi alfahari da su a kan ribar kasuwa.

Hajiya Kaka na taɓa goro tana kallona. Ta ce, "Kishiya, mi kika ta gunguni?" Na yi mata bayani. Dariya ta yi har da tari. "Shekarata sha huɗu anka kai ni ɗaki. Yaushe ni samu lokacin neman kaina?" Gaskiyarta. Lissafin shekarun nan ɗinkin wata ƙasa ne, ita ranar da ta bar wasan 'yar tsana ta zama matar gida. Amma wannan ba zai shiga takardar gwaji ba, malaminmu abin da ke littafi yake so.

Da na zo na takwas, waiwayen tsufa, ko gamsuwa ko nadama, sai ta daina dariya. Ta ce likkafaninta na cikin adaka tun dawowarta Makka, an wanke shi da zamzam, kuma ba mai bin ta ko sisi. Har na buɗe baki zan ce ta ci mataki na takwas, sai ta ambaci ɗanta na fari da ƙyanda ta ɗauke yana goye. Ban taɓa jin sunansa ba sai yau. Ta ce da yanzu ya girmi Baba da shekara biyu.

Aka kira la'asar, ta miƙo mini buta in cika mata.