Giris ya cinye mini teburin milin

Wanda ya fara ɗura giris a injin milin ɗin nan, mai sassaƙa ƙarfe, kafin ya zo hannuna ya cuce ni. Injin samfurin Bridgeport ne na gwanjo, nipil (kafar ɗura mai) ɗin da ke jikin sirdinsa da gwiwarsa, wato sassan da ke ɗauke da tebur, kuwa kama suke da na giris, alhali na mai ne. Giris ya daskare a ciki, ƙurar hunturun Katsina ta manne, ɓarɓashin ƙarfe ya shiga, suka haɗu suna ta wasa hanyar da tebur ke zamewa a kai.

Asiri ya tonu ne ran da wani mai noman rani daga Ajiwa ya kawo shaf ɗin famfonsa a yanka masa gurbin ki, wato ɗan ƙarfen da ke hana shaf zamewa. Kata, wato bakin yanka, na rawa, gurbi ya fito da faɗi. Na kafa agogon awo na girgiza tebur da hannu, allura ta yi tsallen kusan milimita 0.2.

Ɗaure jib abu ne mai sauƙi: tsinin ƙarfe ne, kana juya sukurunsa yana shigewa yana cike giɓin da ke tsakanin tebur da hanyarsa. To amma tsakiya ce ta cinye, don nan ake yawan aiki. Ka ɗaure daidai tsakiya, tebur ya ƙage a ƙarshe, sai ka sa hannu biyu kafin handil ya juya. Dole a gefen da bai ci ba za ka saita. Na sirdi ma sukurun ya ƙure, sai da na sa siririn fallen tagulla a bayan jib ɗin, ɓangaren da ba ya gogawa.

Abin da ya ci mini rai shi ne ramukan mai. Duk sun toshe da baƙin giris mai tauri kamar kwalta. Da waya da kananzir muka yi ta tsokano shi, aikin mutane na jibge. Na canja tsumman sharewa na bakin sirdi, na zuba man hanya mai lamba 68, mai danƙo, wanda ba ya tsiyayewa daga gwiwa.

Yarona ya ɗauko bindigar giris yana cewa, "Oga, a ƙara masa?" Na karɓe ta na kulle a durowa.

Tsakiyar har yanzu da ɗan wasa, sai an kankare hanyar gaba ɗaya, kuɗin kuma babu su yanzu. Kafin nan, duk ɓangaren da ba na tafiyarwa kulle shi nake yi kafin kata ta taɓa ƙarfe.