Shekara Uku da Kyamarar Masu Koyo a Hannuna

Lokacin da na ƙudurta zan riƙi ɗaukar hoto da gaske, don sha'awa kawai ba don sana'a ba, abin da ƙarfina ya kai shi ne kyamarar masu koyo, irin ajin Nikon D3500 da Canon EOS 2000D waɗanda suka fito a 2018. Ta zo da gilashin da aka saba haɗa irinsu da shi, mai 18-55mm. Watanni shida na farko na yi su ne ina ganin laifinta, domin duk hoton da na ɗauka a cikin ɗaki ko dab da faɗuwar rana sai ya fito dishi-dishi, ni kuwa na riga na yanke hukunci cewa araha ba ta ado.

Abin da ya warware mini zare da abawa shi ne bayanan da kyamara ke adanawa a jikin kowane hoto. Da na zauna na bi hotunan da suka lalace ɗaya bayan ɗaya, sai na ga kusan dukkansu labarinsu guda ne: na zuƙo gilashin zuwa 55mm, inda ƙofar haskensa ba ta buɗewa fiye da f/5.6 (a wannan ma'auni, ƙanƙantar lamba ita ce girman ƙofa), ita kuma kyamarar, don ta tara isasshen haske, ta rage saurin ƙiftawarta zuwa 1/15 na daƙiƙa. A wannan jinkirin, ko numfashi mutum ya ja sai hannunsa ya girgiza hoton. Ashe rawar hannuna da ƙuncin gilashin ne suka haɗu, jikin kyamarar bai san hawa ba bai san sauka ba.

Sai na sayi gilashi mai 35mm f/1.8, wanda ba ya zuƙowa ko kaɗan amma yana shigar da haske kusan ninki goma na f/5.6. A ɗakin da nake fama da 1/15, sai ga ni ina ɗauka a 1/125. Hoton farko da ya gamsar da ni na ɗan yayata ne yana karatu a bakin taga: hasken ya sauka a gefe guda na fuskarsa, gashin idonsa har ana iya ƙirgawa, bangon bayansa kuwa ya narke ya zama launi kawai. Kyamarar ita ce dai wadda na yi wata shida ina zagi.

Daga nan na koma ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, na ga yadda ake farfaɗo da wuraren da suka yi duhu a kwamfuta ba tare da hoton ya ɓaci ba. Allon da ke karɓar haske a irin waɗannan kyamarori, mai matsakaicin girman da ake kira APS-C, yana da megapiksel 24, wato ɗigo 6000 a tsawo da 4000 a faɗi, abin da ya isa a buga hoto mai kusan santimita 50 da tsabtarsa. Na buga guda uku, kuma cikin waɗanda suka tsaya kallonsu babu wanda ya tambaye ni da wace kyamara na ɗauka.

Inda ta gaza a hannuna shi ne abin da ke gudu. Na yi safiya da dama ina bin tsuntsaye, na dawo da hotunan reshe tas-tas da tsuntsu ruɗe, ko ma wutsiya kaɗai a gefen hoto. Wuraren saitin kyamarar wannan aji, wato inda take kafa ido don hoto ya fito tas, tara ne ko goma sha ɗaya, tana kuma ɗaukar hoto uku zuwa biyar a daƙiƙa, don haka tsuntsun da ya tashi ya riga ta. Ba a kuma toshe jikinta daga ruwa da ƙura ba, shi ya sa da an fara yayyafi nake cusa ta cikin jaka. Maɓallin juyawa guda ɗaya da take da shi don sauya saiti ya dame ni da farko, amma yatsa ya saba.

Da na duba hotunana na shekara ukun, na tarar yawancinsu fuskoki ne da gine-gine da filaye, abubuwan da ke tsayawa su jira ni. Saboda haka kuɗin da na tara don babbar kyamara na sayi mariƙi mai ƙafa uku da su, tsuntsayen kuma na bar su sai ranar da na ga zan bi su kowane mako.