Tattaki a gefen Ginzo, tsakanin lambuna

Mutumin Katsina in zai motsa jiki, yawanci titi yake hawa, ko ya nufi wajen filin wasa na Muhammadu Dikko. Da haka na fara bayan an auna ni an ce jinina ya soma hawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar samun aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, tafiya da ɗan sauri kuwa tana ciki. Sai dai hayaƙin babura da ƙarar keke napep sun ishe ni, har wani maƙwabcina mai sarin kayan miya ya ce in gwada bin gefen Ginzo.

Ginzo ita ce koramar da ke ratsa lambunan Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Sauri. Babu allo, babu mai karɓar kuɗin shiga, babu wanda ya zauna ya tsara hanyar. Ƙafafun 'yan lambu da tayoyin kekunansu ne suka fitar da ita, siririya, a miƙe, ba hawa ba gangara. Dattijo zai iya bin ta, yaro ma haka.

Da hunturu na fi jin daɗinta. Ana idar da sallar asuba, gari ya ɗan waye, sai in sauka. Ƙasa duk ta bushe ta yi fari a cikin gari, amma nan kore ne shar: latas, kabeji, alayyahu, albasa, karas, kowanne a fangalinsa. Gawo yana tsaye da ganyensa a lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe nasu, don shi da damina yake zubarwa. Balbelu suna bin bayan mai ban ruwa suna tsintar ƙwarin da ruwa ya koro. Na taɓa tsayawa ina kallon yadda wani saurayi ke shayar da albasa. Inji na can bakin korama yana ta ƙugi, tiyo ya kawo ruwa cikin 'yar magudana, shi kuma da fartanya ɗaya yake sarrafa komai: ya fasa bakin fangali, ruwa ya shiga ya cika, ya kwashi laka ya toshe, ya fasa na gaba. Ko ɗigo bai ɓace ba, bai kuma ɗaga kai ba sai da ya kai ƙarshen layi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ruwan kansa. Da rani Ginzo ba ruwan sama take ɗauke da shi ba, galibi ruwan kwatocin gari ne, na wanka da wanki da wanke-wankenmu. A wasu wurare baƙi ne, yana kumfa, yana wari, ledoji sun sarƙe a saiwoyin bakin gaɓa. Tun da Katsina ta zama hedikwatar jiha a 1987 gari ke faɗaɗa, gidaje na ƙaruwa, abin da ke gangarowa nan ma na ƙaruwa. Na gaida wani dattijo da ke cire leda daga bakin tiyonsa, na ce, "Baba, sannu da aiki. Kullum haka kuke fama?"

Ya ce, "Yawwa ɗana, sannunka. Ai kafin in tada inji sai na yi wannan. Abin da kuka zubar can sama, nan yake iske mu."

Ban ga laifin 'yan lambun ba, kuma har yanzu ban gani ba. Da ruwan da suka samu suke ciyar da iyalansu, su kuma cika mana kasuwa da ganye. Masu juye shara a kwata da dare su ya kamata su zo su ga inda take kwana. A gidana dai an daina, kuma duk ganyen da za a ci ɗanye sai an wanke shi sosai da ruwa mai tsafta, fiye da sau ɗaya.

Sauran abubuwan da tafiyar ta koya mini ƙanana ne. Takalmi rufaffe ya fi silifa, saboda ƙaya da fasassun kwalabe. Ba a ratsa fangali don yanke hanya, ko da ya yi kama da babu komai a ciki, wataƙila jiya aka zuba iri. Sallama tana buɗe hanya: wanda ka gaisar yau, gobe shi zai nuna maka inda ake tsallakawa ba tare da an jiƙe ba. Ba na sa ƙafa a ruwan, ba na kuma barin yara su sa, don kwantaccen ruwa irin wannan yana iya ɗauke da tsargiya da cututtukan ciki. In zan yi nisa da gidaje, da abokin tafiya nake zuwa, mu juyo kafin rana ta take.

Damina kuwa lissafinta daban ne. Da zarar shamuwa ta iso, a fara hattara. A watan Agusta ruwan da ya sauka a kan rufin gidaje da kwalta duk nan yake taruwa cikin ɗan lokaci, koramar da jiya yaro ke tsallakewa sai ta cika ta tumbatsa, gaɓa ta riƙa zaftarewa. In hadari ya haɗu, ko da bai zubo a inda nake ba, sama nake hawa in bi ta bayan lambuna.